Ranar da Wirrabin Ta Tashi Ceton Kantinta

Ni ne Clarrie Dunstan. In ka shiga Wirrabin ka fita ba ka ji sunana ba, to ba ka sauka daga mota ba. Na bar makaranta tun gashin baki bai fito mini ba, saboda malamin ya ƙarar da abin da ya sani, ni kuwa tambayoyina ba su ƙare ba. Wutar daji ta taɓa zagaye ni na fita da ƙafata, da karena a kafaɗa. A shekarun fari tumakin maƙwabta suka mutu, nawa ramewa kawai suka yi. Tarakta ta kife a kaina, ita aka kai wa makanike, ni na kakkaɓe wando na tafi cin abincin rana. Maciji ya sare ni a bayan rumbun alkama, har yau ban ji yadda ya ƙare ba. Na faɗi wannan ne don a san mai magana, domin akwai masu yawo da wani labari dabam a kan abin da ya sami kantinmu, kuma yawancinsu ko taron shan shayi ba su taɓa shiryawa ba.

Kantin namu na kamfanin Pendrick ne, kuma kantin Pendrick iri huɗu ne. Akwai Babba, mai mahauci a ciki da wurin gasa burodi, masu karɓar kuɗinsa kuma mutane ne masu baki, da za su tambaye ka ya ƙugun naka. Akwai Matsakaici, wanda aka gutsure wa wurin burodin. Akwai Ƙarami, irin na tashar jirgin ƙasa a Adelaide, inda nama ke zuwa a naɗe cikin leda, inji kuma ya yi ta yi maka faɗa da muryar mace in ka ajiye jaka inda bai so ba. Na huɗun ba ma kanti ba ne, kusurwa ce a gidan mai, madara da burodin jiya da abincin kyanwa. A can hedikwatarsu a birnin Melbourne wasu yara masu taye suke zama su raba wa garuruwa: wannan gari ya isa a yanka masa nama, wancan bai isa ba. Ba su taɓa ganinka ba, amma sun san girmanka.

Namu Babba ne. Banki ya tattara ya tafi, asibiti ya koma ɗaki ɗaya da nas, ƙungiyar ƙwallonmu an haɗe ta da ta Orrin har da launin riga, amma kantin yana nan da girmansa. Orrin shi ne garin da ke gabanmu a hanyar teku. Su wani kanti suke da shi mai koren rufi, Tuckwell, babu mahauci a ciki. Duk ranar kasuwar tumaki nakan tambaye su ko har yanzu da almakashi suke buɗe abincin darensu.

Mahaucin namu Merv Hocking ne, ƙanin matata marigayiya Joyce. Yana bayan teburin naman nan tun kafin Pendrick su sayi kantin. Gidansa na tsallaken titi, da ƙafa yake zuwa aiki, kuma gara haka, domin an karɓe masa lasin tuƙi tun da idonsa na hagu ya yi hazo. Wuƙa kuwa ko ido rufe zai riƙe ta. Bai yi aure ba, ba ya kamun kifi, coci sai ranar jana'iza. In ka ɗauke teburin nan ka ɗauke Merv. Ni ban taɓa sayen nama a wurinsa ba, mai tumaki ba ya sayen nama, amma kullum nakan je in jingina da gilashin in nuna masa inda ya kauce a yanka. Yana kirana Firayim Minista. Ni kuma ina kiransa Ido Ɗaya, kuma Joyce ta mutu ba ta iya hana ko ɗayanmu ba.

Wata safiya bayan girbi na shiga na tarar da shi yana goge tebur mai tsabta. Na ce masa ko idon kirkin ma ya tafi ne. Bai rama ba. Nan na san akwai magana.

Glenys, manajar kantin, 'yar garin nan ce, na san ta tun tana yawo ba takalmi. Ta ja ni bayan buhunan abincin kare ta gaya mini cewa hedikwata za ta turo wata mata ranar Asabar ta duba kantin. Suna tunanin mayar da shi Ƙarami. Sun ce mutanen Wirrabin suna shigowa da yawa, amma ba sa fita da komai. In aka mayar da shi Ƙarami, teburin nama ne zai fara tafiya.

Na ce mata ta bar mini. Ta ce abin da take tsoro ke nan.

"Clarrie, ka saurare ni," in ji ta. "Ba ƙuri'a za a kaɗa ba. In za ka tara mutane, ka ce kowa ya zo da yunwa da firiza wofi. Su sayi nama, su sayi burodi. Shi ke nan."

Na ce mata na ji. Kuma na ji ɗin. Sai dai Glenys ta yi kwas na wata shida a Adelaide, tun daga nan take ganin duniya kamar kwandon cefane. Ni na san yadda ake girgiza mutanen birni. Lokacin da aka so rufe mana ofishin kashe gobara, taro muka yi, muka cika titi, aka fasa. Mutumin birni ba ya tsoron komai kamar ya ga mutanen karkara sun taru suna kallonsa shiru.

Na kira taro a rumfar 'yan kashe gobara. Na hau bayan akori-kurata na yi jawabi, wanda har yanzu wasu ke maimaita sassansa. Na ce ranar Asabar ba mai shiga gona, ba mai zuwa teku. A ɗauko tsofaffi daga gidan kula da su, a ɗauko jarirai, a kira 'ya'yan da suka gudu birni. Matar nan ta buɗe ƙofar motarta ta ga Wirrabin kaf a gaban kantin. Na kuma faɗi maganar Glenys, cewa a yi sayayya. Na faɗe ta a ƙarshe, lokacin ana ta tafi, amma na faɗa.

Sai Beryl Schulz ta ɗaga hannu. Beryl ce shugabar ƙungiyar matan karkara, kuma kek ɗinta ya ci kyauta a bikin noma har sauran mata suka daina shiga gasar. Ba ta tambaya ko za a kawo abinci ba, wannan ba abin tambaya ba ne. A Wirrabin ba a tara mutane hannu wofi. Jana'iza ce, wasan ƙwallo ne, taron gyaran magudanar ruwa ne, kowace mace da farantinta a rufe da tawul. Abin da Beryl ta tambaya shi ne teburi nawa za a ɗauko daga zauren gari, da kuma wa zai kawo tukunyar shayi.

Na ce a ɗauko duka. Na ƙara da cewa ni zan yanka raguna biyu, a gasa su a filin ajiye motoci, don baƙuwa ta san ba garin mayunwata ta zo ba. Mazan da ke wurin suka ji kunya, wannan ya ce zai kawo cinyar sa, wancan ya ce yana da kifin da ya kamo a firiza. Merv yana can baya a tsaye. Na gan shi ya buɗe baki, amma ana ta hayaniyar wa zai kawo gawayi.

Ranar Asabar ɗin, ban taɓa ganin Wirrabin haka ba, ko ranar da ruwa ya sauka bayan dogon fari. Motoci har bayan rumbunan alkama. Tebura daga ƙofar kantin har bakin titi, an lulluɓe su da fararen ƙyallaye. Burodin gida iri-iri, kek mai kwakwa, kek mai 'ya'yan itace, mitfai mai nama a ciki, ƙwai a yanke, jam ɗin da aka dafa a gida a kwalabe da sunan mai shi a jiki. Ragunana na juyawa a kan wuta daidai inda ake jera kekunan cefane, hayaƙin yana shiga cikin kantin duk lokacin da ƙofar ta buɗe kanta.

Na leƙa ciki da safe. Merv ya yi odar nama fiye da na Kirsimeti, ya jera shi kamar za a ɗauki hoto: haƙarƙari a layi, cinyoyi da ganye a tsakani, rigar aikinsa fara fes, har gashin da ya rage masa ya taje. Na ce masa ya yi kyau kamar ango. Ya dubi hayaƙin da ke shigowa, ya dube ni.

"Firayim Minista," ya ce, "wa zai ci naka ya ci nawa?"

Na ce masa cikin mutanen Wirrabin ba shi da iyaka.

Matar ta iso kafin rana ta yi tsaka, cikin wata ƙaramar motar haya mai kama da sabulu. Sunanta Tamara Vukovic. Na zaci zan ga doguwa mai ɗaure fuska, sai ga 'yar gajeruwa mai fara'a, da takalmi marar dunduniya. Ta fito ta tsaya tana kallon taron, ta dafa ƙirji. Na ce a raina, an gama, ta karaya.

Na tare ta da kaina. Na ce mata, "'Yata, ki duba da kyau. Wannan ya yi miki kama da garin Ƙarami?" Ta ce a'a, ko kusa, ba ta taɓa samun irin wannan tarba ba. Glenys ta yi ƙoƙarin jan ta zuwa ciki, amma Beryl ta riga ta ɗora mata faranti a hannu, kuma ba a ƙwace baƙo daga hannun Beryl.

Yarinyar ta ci. Wannan ba zan hana mata ba. Ta bi tebur bayan tebur, kuma duk abin da ta ɗanɗana sai ta tambayi wa ya yi. Matan suka yi ta tureniya. Wannan ta ce burodin nata ne, da alkamar gonarsu. Waccan ta ce ita tun da ta yi aure burodin kanti bai shiga gidanta ba, mijinta zai jefa wa kaji. Wata ta ce na kanti kamar soso yake, sai dai a goge tagar mota da shi. Duk a ƙofar wurin gasa burodin Pendrick ake wannan magana, masu gasa shi suna leƙe ta gilashi da tirensu a cike. Tamara tana gyaɗa kai, tana cewa abin sha'awa. Ni kuma ina jin daɗi, domin a ganina tana gane irin mutanen da take neman rainawa.

Da ta iso teburin Beryl sai ta tsaya a kan wani kek mai lemo, zagayayye, an zuba masa sukari a kai. Ta yanka kaɗan, ta ci, fuskarta ta washe.

"Wannan namu ne ai," in ji ta. "Na Pendrick. Na san shi, ina cikin waɗanda suka zaɓe shi. Na ji daɗi da ake saye."

Aka juya ana kallon Beryl. Kowa a Wirrabin ya san yatsun Beryl sun kumbura da sanyin ƙashi, kuma kowa ya lura kek ɗinta ya yi zagaye fiye da kima a 'yan shekarun nan. Amma ba mai faɗa. Mace ta kawo kek ɗin kanti wurin taro, ta juye a farantinta, gara a ce an kama ta da mijin wata. Glenys, wadda ita ce ke miƙa wa Beryl kwalin ta ƙofar baya duk ranar Juma'a, ta tsaya tana roƙon ta da ido. Kalma ɗaya ce, e, da an sami shaida cewa shugabar matan garin da kanta tana cin abincin Pendrick.

Beryl ta miƙe tsaye, ta gyara tabarau. Ta ce girkin kakarta ne, wadda ta zo da shi a jirgin ruwa, kuma ita ko hanyar wurin kek a kantin nan ba ta sani ba. Ta ce in ɗanɗanon ya zo ɗaya, to a binciki inda Pendrick suka samo nasu. Matan suka mara mata baya kamar a coci. Tamara ta ba da haƙuri har sau biyu.

Daga nan na kai ta wurin ragunan. Na yanko mata daga kafaɗa, inda ya fi laushi. Ta ci ta lumshe ido, ta tambaya ko daga wurin mahaucin kantin aka ɗauko. Na yi dariya har hulata ta faɗi. Na gaya mata ni na haifar da ragon, ni na yi kiwonsa, ni na yanka shi a ƙarƙashin bishiyar bayan gidana. Na ce mata shekaruna sun haura tamanin ban taɓa ba kanti ko sisi don nama ba, kuma ba ni kaɗai ba, ta duba mazan nan, kowa da firiza a rumfarsa da za ta ɗauki mutum a kwance. Mazan suka ce ƙwarai. Ta tambaya to su wa ke sayen naman ciki. Na ce malaman makaranta, da ɗan sanda, da masu wucewa zuwa teku, waɗanda ba su san rago daga akuya ba.

Na ƙara mata da cewa in Pendrick suka kuskura suka taɓa kantin nan, Wirrabin za ta iya shekara ba ta sayi ko allura a wurinsu ba, ba kuma wanda zai rame. Ta dube ni da kyau, ta ce ta yarda. Ta ce gaskiya ta yarda.

Sai can da yamma ta samu shiga ciki. Na bi ta. Kantin fayau, ba kowa sai wasu tsofaffi biyu da suka shigo shan sanyin na'ura, da wata uwa da ta kawo ɗanta bayan gida. Abin da aka saya ranar, in ban da ƙanƙara da kofunan takarda, ban sani ba. Merv yana tsaye a bayan teburinsa, naman yana nan yadda ya jera shi, ganyen ya fara yaushi. Tamara ta gaishe shi, ta yaba yankan, ta tambaye shi shekara nawa yake wurin. Ya gaya mata. Ta ce kai. Sai ta sayi haƙarƙari guda, ina jin don kunya, ga ta kuwa cikinta ya cika har tana numfashi sama-sama.

Da za ta tafi matan suka cika mata kujerar baya da sauran abinci. Ta rungumi Beryl. Ni ta riƙe hannuna ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin garin da ya tsaya da ƙafarsa kamar namu ba. Na juya na gaya wa jama'a abin da ta ce, aka yi tafi. Glenys ce kawai ta shige ofishinta ta rufe ƙofa.

Kafin lokacin askin tumaki ya zo, masu gyara suka iso da manyan motoci. Ba su ma tsaya a Matsakaici ba. Suka raba ginin biyu da bango. Rabi ya zama Pendrick Ƙarami, ɗaya rabin kuma kantin giya, wanda na ji an ce shi ma nasu ne, domin matar ta lura giya ce kaɗai abin da ba mu iya yi a gida ba. Teburin Merv suka ɗora a bayan tirela, na ga wucewarsa ta gaban gidana. Inda yake a da aka kafa injuna uku masu faɗa.

Wasu suka fara cewa ragunana ne suka jawo. Waɗannan su ne suka fi kowa ci ranar. Ni na san an yanke hukunci tun a Melbourne, matar cin kek kawai ta zo yi. Merv kuwa ya daina yi mini magana. In na buga ƙofarsa sai in ji an ƙara ƙarar rediyo.

Na rantse a bainar jama'a cewa Pendrick sun ga kuɗina na ƙarshe. Sukari, ganyen shayi, batirin tocila, duk a Orrin zan riƙa saye, a Tuckwell mai koren rufi, ko da mutanen Orrin za su yi mini dariya har su shiɗe. Na kuwa cika magana. Na tayar da akori-kura, na sha mai a gidan man mararraba don kada in sha a na cikin gari mai kusurwar Pendrick, na tsaya a mashayar gefen tashar Orrin na jiƙa maƙogwaro, na shiga kantin magani na karɓi ƙwayoyin ƙuguna. Duk inda na biya sai in ce wa mai karɓa, wannan kuɗin da na Pendrick ne, yanzu naku ne. Suna ta murmushi. Na ɗauka ladabi ne.

Na shiga Tuckwell na ga an faɗaɗa shi. Ƙamshin burodi ya tare ni tun daga ƙofa. Na bi ta wajen kayan gwangwani na ɓullo baya, sai ga tebur. Na san shi, har da tsagin da ke kusurwar gilashin inda nake jingina gwiwar hannuna. A bayansa kuma ga Merv, cikin koriyar riga, yana yanka wa wani ɗan Orrin cinya.

Na jira ɗan Orrin ya gama. Sai da ya tsaya ya tambaye ni ko na zo sayen almakashi ne, na yi kamar ban ji ba.

Na ce wa Merv na ji daɗi, ya yi maganin Pendrick, ya koma wurin abokan gabarsu. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a hankali.

"Firayim Minista, da ido ɗaya na karanta takardar ɗaukata aiki. Kai mai biyu, ɗaga kai ka duba ƙasan allon can."

Na ce ban zo da tabarau ba.

Ya ce to bari ya karanta mini. Tuckwell na Pendrick ne, sun saye shi tun shekarar ambaliya, launin rufin kawai suka bari don irina. Ya tambaye ni inda na sha mai. Na gaya masa. Ya ce nasu ne. Mashayar gefen tasha, da injunan cacar da ke cikinta, nasu. Kantin magani, nasu. Wurin da nake sayen waya da ƙusa na gyaran shinge, nasu. Ya ce matar ta rubuta cewa mutanen Orrin ba su iya gasa komai ba, ba su da firiza, rabinsu 'yan fansho ne daga birni, saboda haka su suka cancanci Babba. Ita ce kuma ta sa a kawo shi tare da teburin, wai tausayinsa ya kama ta.

Na ce ai ko ba komai, ragunana ba nasu ba ne.

Ya tambaye ni wa nake sayar wa 'yan raguna duk shekara. Na ce mayankar garin Port, kamar kowa. Ya ce to in na koma gida in shiga Ƙarami in ɗaga ledar naman nan, da daga can ake kawo shi, in gaishe su, wataƙila su gane ni.

Mutum ba ya jayayya da wanda ke riƙe da wuƙa. Na tambaye shi kawai yadda yake zuwa, tunda ba shi da lasin. Ya ce a motar kai wasiƙu yake raɓowa, a zaune kan buhuna, kuma direban ya ce daga wata mai zuwa an canza masa hanya. In ba mota, ba aiki. Ya ce tun da aka kawo shi yake tunanin wa ya kamata ya ɗauki wannan nauyin, kuma duk ta inda ya bi da tunanin, a ƙofar gidana yake ɓullowa.

"Da asuba," ya ce. "Kuma ba na son surutu a hanya."

Na ce masa ba don shi ba, don Joyce.

Yanzu kullum ni ke kai shi in dawo da shi. Komawa gida tsakani ɓarnar mai ce, saboda haka a Orrin nake wuni. Man a mararraba nake sha, babu wani a hanyar. Abincin rana a mashayar gefen tasha, don nan ne kawai ake samun inuwa da kujera mai jingina. Sun ba ni wani kati mai tara maki, yarinyar wurin ta ce a duk yankin ba wanda ya kai ni, har hotona suna so su manna. Na ƙyale su. Mutum ba ya sanin lagon abokin gaba sai ya zauna a cikin gidansa, kuma ni yanzu ba wani lungu na Pendrick da ban sani ba.

In rana ta yi sanyi nakan shiga Tuckwell in jingina da tsagin gilashin nan in nuna wa Merv inda ya kauce. Ya koma kirana Firayim Minista, 'yan Orrin ma sun ɗauka. Duk mahautan da aka sallama a yankin nan, shi kaɗai ke riƙe da wuƙarsa har yau. Da ban tara taron nan ba, da matar ba ta gan shi tsaye shi kaɗai ta ji tausayinsa ba. Na sha gaya masa haka a hanya. Sai ya miƙa hannu ya ƙara ƙarar rediyo.

Beryl kuma duk ranar Juma'a tana ba ni saƙo, tunda Ƙarami ba ya kawo kek mai lemo. A ƙarƙashin buhun abincin kare nake ɓoye kwalin, in shiga da shi ta ƙofar bayanta. Bana ma ita ta ci kyauta.